Yadda ake ɗaga sifirin ɗin baya da ya kwanta a tsohuwar Land Cruiser ko Hilux

Motar da ta daɗe tana ɗauko masara daga ƙauyukan Soba da Giwa, ko rake daga Maƙarfi, wata rana bayanta zai zauna. Gaba ya ɗaga, baya ya yi ƙasa, fitila da dare tana haska rassan bishiya maimakon hanya, kuma ko ƙaramin rami ta faɗa sai a ji aksul ya doki casis. Sitiyari ma yakan yi sako-sako, saboda nauyi ya bar tayoyin gaba. Wannan bayani ya shafi motocin da sifirin ɗin bayansu mai falle-falle ne: Land Cruiser 60 da aka fara ƙerawa a 1980, manyan 'yan jerin 70 irin su 75 da 79, Hilux, tsohuwar Nissan Patrol da Land Rover Series III. Land Cruiser 80 da ta fito a 1990 naɗaɗɗen sifirin gare ta, aikinta daban ne.

A fara da awo

Kafin ka taɓa sifana, sauke duk kayan da ke cikin motar, daidaita iskar tayoyi huɗu, ka ajiye ta a daɓen siminti mai bai ɗaya. Auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi da ke saman taya, hagu da dama, ka rubuta. Daga tsakiyar wili ake awon, domin in ka auna daga ƙasa, cin taya da iskarta za su ruɗe ka. Bambancin da ya wuce santimita 2 tsakanin hagu da dama yana nufin ɓangare ɗaya ya fi gajiya, ko kuma akwai fallen da ya karye a ciki.

Sai ka leƙa ƙarƙashi. Lafiyayyen sifirin yana da lanƙwasa, bakinsa biyu suna kallon sama. Wanda ya gaji yakan miƙe sambal, wanda ya mutu kuwa har ya fara lanƙwashewa ta ɗaya gefen. Dubi robar da ke manne a casis daidai saman aksul, wadda ke tare duka. In mota ba kaya amma tazarar da ke tsakanin robar da aksul ba ta wuce yatsa biyu ba, ko wurin da take dukan ya yi ƙyalli, sifirin ya zauna. Dubi shakul kuma, wato ƙarafan nan biyu masu lilo da ke riƙe da idon baya, wato zoben da ke bakin sifirin na baya. Duk lokacin da sifirin ya miƙe tsawonsa na ƙaruwa, sai ya tura shakul baya. In ka tarar shakul ya kusa kwanciya a jikin casis, ba sauran wurin motsi.

Akwai abin da ke kama da zaman sifirin alhali ba shi ba ne. Bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, in ya cinye yana sauke mota da kusan santimita ɗaya, yana kuma kawo ƙara. Kunnen casis da ke riƙe da sifirin yana iya tsagewa ko ya ci tsatsa. Robobin da bodi ke zaune a kansu in sun murƙushe sukan karkatar da bodi alhali ƙasan lafiya lau. Shokozoba kuwa ba ta ɗaukar nauyin mota, aikinta hana tsalle ne, don haka saka sabuwa ba zai ɗaga bayan da ya zauna ba. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a nan a banza.

Wace hanya za a bi

Gyaran gaskiya iri uku ne. Ana iya buga fallayen da guduma a dawo musu da lanƙwasa, ana iya ƙara falle, ana iya sauya sifirin ɗin gaba ɗaya. Bugu shi ne mafi araha, amma ƙarfen da ya riga ya gaji ba ya komawa sabo, in aka ci gaba da lodi iri ɗaya zai sake zama, sau da yawa cikin watanni. Sauyawa ita ce mafi inganci in an sami mai kyau. Matsalar ita ce na Beljiyam da ake samu a Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, shi ma ya yi nasa aikin kafin ya iso, don haka sai an je da tef an auna lanƙwasarsa. A ganinmu, ga motar da ke aikin gona kuma fallenta na ɗaya, wato na sama mai idanu, lafiyayye ne, haɗa biyun farko ya fi riba: a ɗan buga, a ƙara falle ɗaya a kowane ɓangare, a saka sababbin bushin da yubol, wato ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul.

Abu biyu ne ba ma yarda da su ko kaɗan, wuta da walda. Ƙarfen sifirin ana gasa shi ne a masana'anta zuwa wajen digiri 850, a tsoma shi a mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 450 zuwa 500 don ya sami danƙon lanƙwasawa ya dawo. In aka hura masa wutar gas har ya yi ja don a lanƙwasa shi cikin sauƙi, wannan horon ya tafi. In ya huce a iska sai ya yi laushi ya zauna a lodin farko, in aka watsa masa ruwa sai ya yi gautsi ya karye. Fallen da aka yi wa walda kuma a gefen waldar yake sake karyewa. In fallen farko ne ya karye a kan gudu, aksul na iya gocewa baya, taya ta shiga bodi.

Dogon shakul da wasu masu walda ke yankawa yana ɗaga bodi da rabin tsawon da aka ƙara kawai, sifirin ɗin na nan a kwance, kusurwar farfela, sandan da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, kuma ta canza. Haka dunƙulen ƙarfe da ake cusawa tsakanin aksul da sifirin. A Hilux mai jan ƙafa huɗu, inda sifirin ke saman aksul, zai ɗaga bodi amma bai ƙara ƙarfin ɗaukar kaya ba. A Land Cruiser da Land Rover, inda sifirin ke ƙarƙashin aksul, sauke motar ma zai yi.

Kayan da za a tanada

Jak mai ƙarfi, gara biyu. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota masu ɗaukar aƙalla tan 3, in babu sai gumagumai na katako mai kauri. Bulon siminti ba ya cikin lissafi, yana rugujewa ne lokaci ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Sai soket da dogon hannu, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kilam biyu manya na matse ƙarfe, babbar guduma, kurfi, zarton ƙarfe ko injin yanka, burushin waya, alli, zare da tef. Sababbin kaya kuwa: yubol huɗu da notinansu, santabol biyu, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe fallaye, bushin na idanu da na shakul duka, da fil na shakul in tsofaffin sun ci. Je kasuwa da tsohon yubol da bushin a hannu. Faɗin fallen Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser milimita 70, kuma ba sa shiga wa juna.

Sauke sifirin

Tun jiya da yamma a goge notinan yubol da na shakul da burushi, a jiƙa su da kananzir ko man kwance tsatsa. Motar da ke shiga laka da damina notinanta sukan kafe, wannan jiƙon zai rage wahala sosai.

Tare tayoyin gaba ta gaba da ta baya. Kada ka dogara da birkin hannu, tunda bayan ne za a ɗaga. Sassauta notinan taya, sa jak a ƙarƙashin tulun aksul, ɗaga, ka tokare casis a gaban kunnen sifirin na gaba, hagu da dama. Cire tayoyi. Sai ka sauke jak a hankali har sifirin ya saki nauyi, amma jak ya ci gaba da riƙe aksul. Idonka na kan tiyon birki na roba da ya sauko daga casis zuwa aksul, kada ya miƙe ya ɗaure. In ya kusa, kwance maƙalinsa. Haka wayar birkin hannu, da siririn sandan da ya taso daga aksul zuwa bawul ɗin birki, wanda za mu dawo kansa.

Ɓangare ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ke ɗaure shi ke riƙe aksul a mazauninsa. In dole sai an sauke biyun don a gwada su da juna, a tokare aksul ta gefe biyu, a ɗaure shi kada ya mirgina ya zare farfela.

Kwance shokozoba ta ƙasa. Kwance notinan yubol kaɗan-kaɗan bi da bi, cire farantin. A Hilux mai jan ƙafa huɗu sai ka ƙara sauke aksul har kan santabol ya fita daga raminsa, a Land Cruiser kuwa ɗaga aksul ɗin za ka yi kaɗan. Cire shakul, sannan fil na gaba. Wannan fil ɗin shi ne mai taurin kai, yakan manne da bututun ƙarfen da ke cikin bushin. In duka da kurfi bai fitar da shi ba, a yanka shi ta gefe biyu tsakanin ido da kunnen casis, a sayi sabo. Kada a kunna wuta a nan, tankin mai na kusa. Mutum biyu za su sauke sifirin, na Land Cruiser ya haura kilo 25.

Kafin ya bar wurin, rubuta masa da fenti: hagu ko dama, da kibiya mai nuna gaba. Santabol a yawancin waɗannan motoci ba a tsakiya yake daidai ba, in aka juya sifirin gaba ya koma baya, taya ba za ta zauna a tsakiyar raminta ba. Wasu motocin kuma, irin su Land Rover, na ɓangaren direba ya fi lanƙwasa tun daga masana'anta.

Warware fallaye da dubawa

Ajiye sifirin a ƙasa idanunsa na sama, ja zare daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, ka auna daga zaren zuwa fallen farko daidai wurin santabol. Wannan ita ce lanƙwasarsa, da ita za ka gwada hagu da dama, da ita kuma za ka san ko aikinka ya yi.

Matse fallayen da kilam biyu, ɗaya a kowane gefen santabol, kafin ka kwance ko ka yanke shi. Fallayen a danne suke, in santabol ya saki babu kilam za su watse da ƙarfin da zai iya karya yatsu. Buɗe maƙalan da ke rungume da fallayen, sannan ka sassauta kilam bi da bi. Ja layin fenti a gefe ɗaya tun suna haɗe don kada jerin ya rikice.

Goge kowane falle har ƙarfe ya fito. Tsaga takan ɓuya a wuri uku: gefen ramin santabol, gindin ido, da inda bakin falle na ƙasa ke gugar na samansa. Shafa kananzir, goge, ka barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ta zai fito ya zana baƙin layi a kan allin. Rataye fallen da waya ka ƙwanƙwasa shi da sifana: lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga amonsa a dakushe yake. Fallen da ya tsage, ko tsatsa ta yi masa ramuka masu zurfi, ko na ƙasansa ya ci masa kwari har farce na maƙalewa sosai, a jefar da shi. In lamba ɗaya, wato fallen farko, ce ta lalace, ko idonta ya buɗe har bushin na yawo a ciki, a nemi wata, in kuma fallaye biyu ko uku ne suka tafi, sayen sifirin sukutum ya fi. Ko me aka yi wa hagu a yi wa dama.

Bugu a sanyi

Kwantar da fallen farko a gefensa a kan daɓe, ka zana lanƙwasarsa da alli. Daga wannan zanen ka zana sabon layi wanda lanƙwasarsa ta fi ta farko da santimita 2 zuwa 3. Kada a yi zari. Lanƙwasa in ta yi yawa tazarar ido da ido na raguwa, shakul ya ja gaba, wani lokaci har ya juye ya maƙale.

Ja layuka a jikin fallen, tazarar santimita 4 zuwa 5. Bar wajen santimita 8 a kowane gefen ramin santabol, da kusa da idanu, ba a bugun nan. Ɗora fallen a kan ƙarfe mai kwari a tsakiya, wanda bakinsa biyu ke da tazarar santimita 8 zuwa 10, bakunan fallen na kallon sama. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga a kan kowane layi daidai tsakiyar kwarin, duka ɗaya ko biyu masu ƙarfi iri ɗaya, daga tsakiya zuwa baki, sannan ɗaya gefen. Bayan kowane zagaye a mayar da shi kan zanen alli a gani. Zagaye uku marasa ƙarfi sun fi ɗaya mai tsanani, domin dukan da ya wuce kima yana yin gwiwa a wuri ɗaya, kuma a gwiwar zai karye. Guduma mai faffaɗan kai ake so, mai kaifin baki tana barin tabo, tabo kuma mafarin tsaga ne. Wanda ke da injin matsi na haidirolik aikinsa ya fi tsabta, ƙa'idar dai ɗaya ce.

Sauran fallaye ana gwada su ne da na samansu. Kowanne ya ɗan fi na samansa lanƙwasa, ta yadda in an jera su bakunansu ne za su fara taɓawa, a bar 'yar tazara a tsakiya wadda santabol zai rufe. Falle mai kauri na can ƙasa, wanda ke kama aiki sai an yi lodi, kusan a miƙe aka ƙera shi, a bar shi yadda yake.

Ƙarin falle

Nemi falle mai faɗi ɗaya da naka, kaurinsa daidai ko kusa da na sauran, mai rami a inda santabol zai bi. Ƙarfen sifirin yana da wuyar hudawa, kuma huda shi da wutar walda kashe shi ne. Falle mai tsawo da aka sa ƙarƙashin lamba biyu ya fi gajere mai kauri da ake cusawa a ƙasa. Dogon yana raba nauyi a tsawon sifirin, gajeren kuwa yana tara shi a wuri ɗaya, motar ta yi tauri, fallayen sama su riƙa karyewa a daidai bakinsa.

Auna daga ramin zuwa kowane baki dabam, ka yanka yadda tsawonsa zai faɗa tsakanin na samansa da na ƙasansa, jerin ya sauko kamar matakala. Yanka a hankali kada bakin ya yi shuɗi don zafi, sannan ka goge kaifin ka ɗan zagaye shi don kada ya ci na sama. Falle ɗaya yakan ɗaga baya da santimita 2 zuwa 4. Biyu a kowane gefe sai motar da kullum cikin lodi take, in ba haka ba ranar da ba kaya bayan zai riƙa tsalle, tayoyi su kasa kama ƙasa a kan burji. Tunda kauri ya ƙaru, santabol da yubol sai masu ɗan tsawo, maƙalan gefe ma sai an sake su.

Haɗawa da mayarwa

Game da shafa giris tsakanin fallaye, a ƙasarmu kaɗan ya isa. Ƙurar hunturu da jar ƙasa in sun haɗu da giris mai yawa cin ƙarfe suke yi. Fenti mai hana tsatsa da shafi siriri a bakunan fallaye ya wadatar. Jera su, zura sanda a ramin don su daidaita, matse da kilam, sannan ka sa sabon santabol. Kilam ne zai haɗe fallayen, in ka ja su da notin santabol zaren zai tsinke. Kan santabol ya kalli ɓangaren da aksul yake. Ɗaure, yanke ragowar, ka ɗan dake bakin don noti kada ya warware. Sake awon zare, hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin santimita, sai in motar mai bambanci ce tun asali.

Bushin na roba da ruwan sabulu ake shigar da shi, man inji da giris suna ruɓar da roba. Na roba mai tauri, wanda ake yi ja ko rawaya, shi yana son nasa giris ɗin.

Rataya idon gaba, sannan shakul, notina da hannu kawai. Matsa aksul har kan santabol ya faɗa raminsa sosai, ka leƙa ka tabbata. Sa sababbin yubol. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba zai riƙe ɗauri ba. Ɗaure notina huɗu a gicciye, zagaye uku, har zaren da ya leƙo ya zo daidai a kowanne. A tsofaffin Toyota yubol yana ɗaukar wajen Nm 120, notinan shakul wajen Nm 90, littafin motarka shi zai ba ka ainihin adadi. Mayar da shokozoba, ka duba cewa in aksul ya sauka ƙarshe ba ita ce ke rataye da shi ba, tiyon birki kuma yana da rara.

Notinan shakul da na fil ɗin gaba ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka kan tayoyinta, an girgiza bayan sau da yawa. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta murɗe da zarar an sauke, ta yage cikin 'yan makonni, motar kuma ta tsaya a tsayin da ba nata ba.

Birki, da abin da ya rage

Hilux da Land Cruiser da yawa suna da bawul a casis na baya wanda sanda ke haɗa shi da aksul. Yana gane nauyi ta yadda baya ya zauna: in ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. In ka mayar da mota tsayinta na asali, bawul ɗin ya koma daidai, matuƙar ba wanda ya taɓa shi a baya. In ta haura asali, zai ɗauka kullum ba kaya, birkin baya ya yi rauni alhali mota na cike. Sai a ɗaga maƙalin sandan a jikin aksul gwargwadon abin da aka ƙara. Kada a ɗaure sandan da waya, kada a cire bawul ɗin. Gwada a kan burji inda ba mutane, da ƙaramin gudu: tayoyin baya kada su riga na gaba kullewa. Daidaita fitilu kuma, yanzu ƙasa za su kalla.

Ƙarin falle bai ƙara wa aksul, taya da birki ƙarfi ba. Galibin Hilux kayan da aka ƙera su ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen ciki, wato bai kai buhu goma na masara mai kilo 100 ba. A jera masu nauyi kusa da kan mota, gaban aksul, a rage gudu a ramuka, domin duka ɗaya da cikakken lodi ya isa ya kwantar da aikin da aka yi.

Bayan tafiyar kilomita 100, a sake bin notinan yubol da sifana, sannan a sake bayan kilomita 500 zuwa 800, an yi lodi sau ɗaya ko biyu. Fallaye na zama, fenti na murjewa, ɗauri na saki. Yubol mai sako-sako shi ke sa santabol ya guntule, aksul ya goce ta gefe ɗaya. Alamarsa ita ce mota ta riƙa tafiya a karkace, sitiyari ya bar tsakiya, tazarar taya da bodi ta bambanta hagu da dama. In ka ga haka, tsaya a sauke kaya, a sa sabon santabol kafin a ci gaba.